Mas Harjito, Mai Awon Kaurin Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Janairu 2025, wadda ta yi daidai da 14 ga Rajab 1446, Allah ya karɓi ran Dakta Harjito Wirosumarto a gidansa da ke unguwar malaman jami'a a birnin Malang, yana da shekara saba'in da huɗu. Ya kurɓi shayinsa, ya ce wa matarsa, uwargida Bu Retnowati, sukarin ya yi yawa, ya jingina da kujera, shi ke nan. Bu Retno ta ce ta daɗe tana mayar masa da amsa daga kicin kafin ta lura cewa, karo na farko tun aurensu, ya bar mata maganar ƙarshe. An yi masa sutura bayan la'asar, ana yayyafi.

Mas Jito, ɗan'uwana, katanga ɗaya ce ta raba gidana da naka fiye da shekara arba'in. Kai kana koyar da kimiyyar sinadarai, ni Kusnadi ina koyar da tarihi, kuma ba a taɓa yin ranar da ɗayanmu ya yarda ɗayan yana aikin kirki ba. Mujallar tsofaffin ma'aikata ta roƙe ni in rubuta wani abu a kanka. Abokan aikinka za su faɗi binciken da ka yi da ɗaliban da ka yaye. Ni abin da na sani ruwan sha ne. Shekara uku ke nan ba na iya haɗiyar ruwa yadda Allah ya halicce shi, kuma likita ya gaya mini cewa duk ranar da ruwa ya sake bin hanyar huhuna, za a mayar mini da bututun ciyarwa a hanci, ba kuma za a cire ba. Kai ne ka tsaya tsakanina da wannan bututu, ga shi ka tashi ka tafi ba ka yi shawara da ni ba.

Duk rayuwarka tambaya ɗaya ka yi wa duniya: idan aka ƙara gari a ruwa, yaya kaurinsa zai ƙaru? Na sha gaya maka cewa gwamnati ta biya ka albashi har ka yi ritaya don ka dama kunun da ba wanda zai sha. Har yau ban janye ba. Kayan aikinka wani siririn bututun gilashi ne mai lanƙwasa, da zane biyu a jikinsa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai agogon dannawa irin na alƙalin tsere. A jawo ruwan ya haye zanen sama, a sake shi, a danna agogo, a zuba ido har ya sauko zanen ƙasa, a sake dannawa. Za ka fara da ruwa zalla, sannan wanda aka sa wa ɗan gari, sannan wanda ya ɗara shi, a haka har a kai wanda zai sa mutum ya je ya yi alwala ya dawo bai sauka ba. Garin rogo, garin ciyawar teku, ƙaro, duk ka ce sunansu polima, wai kowace ƙwaya a cikinsu dogon zare ce da ido ba ya gani.

Sau ɗaya na yi kuskuren tambayar ka abin da ya sa cokali biyu na gari ba sa ba da ninkin kaurin cokali ɗaya. Muna zaune a rumfar mai bakso, romon nan na curin nama da taliya. Ka jawo kwanona, ba naka ba, ka tsame taliyar ciki ka bar sili biyu suna yawo a romo. Ka ce kowane sili yana harkarsa, ba ruwansa da ɗan'uwansa. Ka riƙa mayar da sauran kaɗan-kaɗan kana juyawa, har aka kai inda suka sarƙe da juna, cokali ya daina wucewa. Ka ce a nan ne kauri yake tashi gaba ɗaya, kuma kowane gari da inda nasa yake farawa, ba mai sani sai wanda ya auna. Na gane bayanin sarai. Abincin nawa dai ya huce, kuma ba ka sayo mini wani ba.

Ɗalibanka ba za su manta dokarka ba: daga tsararo ake farawa a tafi mai kauri, ba a juyawa. Dalilin da ka rubuta a allo shi ne ragowar mai kauri tana liƙewa a gilashi ta ɓata awon na bayanta. Ɗayan dalilin sai a wani watan azumi ya bayyana. A shekarun can robobin zuƙo ruwa sun tsattsage, sashenku bai sayi wasu ba, ɗalibai da baki suke ja. Wani ƙaton yaro ɗan garin Madiun, mai suna Pambudi, ya ga layi ya yi tsawo a wurin tsararon, sai ya fara da mafi kauri. Ya ja, ya ja, har jijiyar wuyansa ta miƙe. Da ya koma kan tsararon sai ya ja da wannan ƙarfin, ruwan sitaci ya wuce masa har ciki, da rana tsaka.

Ya zo gabanka idanu jajur, ya kira ka Pak don girmamawa, ya ce, "Pak, azumina fa?"

Ka ce, "Wannan tambayar liman ce. Ni abin da na sani, ka shanye mini awo. Je ka sake haɗawa."

Ajin ya yi dariya har da masu riƙe ciki. Amma da yamma ka kwashe su duka ka kai su gidanka buɗe baki, ba tare da ka sanar da Bu Retno ba, kuma kafin mako ya zagayo kowane tebur ya sami sabuwar roba daga aljihunka. Haka kake. Alherinka ba ya zuwa sai ka riga ka ɓata wa mutum rai.

Ba a taɓa yin mutumin da bai iya rufe gaskiya ba kamarka. A bikin 'yar shugaban tsangaya ka karkata kofin ruwan kwakwa, ka duba yadda yake gangarowa, ka gaya wa uwar amarya cewa an tsinka shi da ruwan famfo. Ka taɓa gaya wa matata, Bu Warsini, cewa miyarta ta ranar Sallah ta fi ta bara ruwa. Ba tambayar ka ta yi ba. Tun daga ranar, in ta ji muryarka a ƙofa sai ta rufe tukunya.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ni. Hannu da ƙafa sun dawo a hankali, harshe ya dawo rabi, haɗiya ce ta ƙi. Na yi makonni a asibiti da bututu a hanci, ana ɗura mini abinci da ruwa kamar ana cika tankin babur. Wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane ba. Ciki a cike yake, amma baki a bushe, kuma ƙishirwa ba ta barin mutum ko cikin barci. Ina kwance ina jin ƙarar famfo a banɗaki, hawaye yana zubo mini. Na tsani bututun nan fiye da yadda na taɓa tsanar wani mahaluki.

Ranar da aka cire shi kana wurin. Ma'aikaciyar da ke koya wa marasa lafiya haɗiya ta yi mana bayani cewa ruwa tsararo yana riga maƙogwarona rufewa, shi ya sa nake ƙwarewa, don haka sai an kaurara shi ya riƙa tafiya a hankali. Garin da ake sayarwa don wannan daga waje ake kawo shi, yau akwai gobe babu, amma ta ce a iya dafa sitacin rogo a gida.

Ka ce, "Kaurin kamar yaya?"

Ta ce, "Kamar zuma, Pak."

"Zumar wane daji? Da sanyin safe ko da rana?"

Baiwar Allah ta dube ni, ni kuma na dubi rufi. Ba ka bar ta ba sai da ta haɗa kofi ɗaya da hannunta, ta gwada ni da shi, ta ce wannan ne. Ka juye ragowar a kwalba, ka sa a aljihun riga, ka hau babur ka tafi kamar wanda ya ɗauko jariri. Kafin a sallame ni ka riga ka tono gilasanka daga kwalin da suke tun ritayarka, ka auna ruwan nata, ka gano yawan sitacin da zai ba da irinsa.

Daga nan ka mamaye kicin ɗin Bu Warsini. Ka kawo ma'auni, ka kawo abin gwada zafi, ka matsar mata da turmi. Ina ɗaki ina jin ku.

"Pak Jito, shekara nawa ina dama kunu a gidan nan, wa ya mutu?"

"Wa ya auna, Bu?"

A kwanakin farko kai kake ba ni da hannunka, kana tsaye a kaina kamar mai gadin jarrabawa. Ruwan yana da santsi, ba shi da daɗi, amma ruwa ne, kuma yana wucewa. Da ka ga abin ya zauna sai ka koma dafa jug guda kowace safiya, ka auna, ka bar wa Bu Warsini ta riƙa zuba mini. A nan matsala ta fara. Kofi ɗaya in sha lafiya rabinsa, sauran ya sarƙe ni, in yi tari har in ga taurari. Ka auna na cikin jug, daidai yake. Ka auna ragowar kofina, ya zube a bututun kamar ba a taɓa sa masa komai ba. Ba ka tsaya tunanin yadda za ka faɗa ba, don ba ka taɓa tsayawa ba.

"Bu, kin ƙara ruwa."

"Ni? In ƙara ruwa in kashe mijina? Da kashe shi nake so, sai in jira ya tsufa?"

A ranar aka kore ka daga gidan. Sai ta kan katanga kake miƙo jug, ita kuma ta karɓa ba ta dube ka ba. Ka zargi zafin rana. Ka zargi ruwan famfo. Ka je kasuwa ka yi cacar baki da mai sayar da sitaci, har ya ce in garinsa bai yi maka ba ka je ka noma rogonka. Ka aiko a karɓo kofina, ka wanke shi da wani abu mai wari, ka dawo da shi. Duk a banza. Ni kuwa zazzaɓi ya kama ni, ƙirjina ya fara ƙara. Likita ya ba da magani, ya ce in ban daina ƙwarewa ba kafin ganinmu na gaba, bututu zai koma. Na ji tsoro, Mas. Ban gaya maka ba a lokacin, amma na fi jin tsoron wannan roba a kan mutuwa.

Bu Retno ce ta shiga tsakani. Aka yarda ka zauna a barandarmu ka bi kofin da ido tun daga jug har bakina, da sharaɗin ba za ka ce uffan ba. Ban san an taɓa gindaya maka sharaɗi mai tsanani kamar wannan ba. Ka zauna, hularka a gwiwa. Bu Warsini ta zuba ruwan, ta ɗanɗana da cokali ko ya yi sanyi, ta mayar da cokalin ta juya. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina ta karanta Fatiha da ayoyin neman waraka, ta tofa a ciki, ta rufe kofin da faranti, ta ajiye shi a kan kabad don addu'ar ta ratsa. Sai da ta kwashe shanya ta dawo sannan ta kawo mini. Ba ɓoyewa take ba. Haka uwarta ta yi wa ubanta, haka ake yi wa kowane majinyaci a kowane gida a layinmu, har da naka. Ba wanda ya ga abin faɗa a ciki, shi ya sa duk tambayoyinka ba wanda ya ambata.

Ka tashi ka tafi ba sallama. Abin da ya biyo baya daga bakin Bu Retno na ji. Ta ce ta fito ta tarar ka jera kofunan baƙi a teburin cin abinci, kowanne da ruwan sitaci, kana bi kana tofa yawu a ciki kana danna agogo, kana cewa da kanka, "Jaki, jaki." Ta koma ɗaki a hankali ta buga wa 'yarku Larasati waya, ta ce ta zo maza, kan babanta ya taɓu. Daga baya ka gaya mini cewa yawun ɗan Adam yana da abin da ke yanka zaren sitaci guntu-guntu, ɗigo kaɗan ya isa in aka ba shi lokaci, kuma a ƙaramar sakandare ake koyar da wannan. Ka ce ka zargi kowa a Malang ban da abin da ke cikin bakinka.

Da na ji takunka washegari, gabana ya faɗi. A lokacin ban san abin da ka gano ba, amma na san fuskarka ta mutumin da ya zo da sakamako. Kuma na san matata. Wannan tofin shi ne abu ɗaya da take ganin tana iya yi mini wanda likita bai iya ba. Ka tsaya a ƙofar kicin, ka yi gyaran murya, ka cire hula, ka mayar, ka sake cirewa.

"Bu, na zo neman gafara. Ba ki ƙara ruwa ba."

"Yau ka sani?"

"Laifin rogo ne. Addu'arki ta fi ƙarfinsa. Da kin tofa sai ya narke, ba ya iya ɗaukar ta."

Ni ina ɗaki na riƙe numfashi. Mutumin da bai taɓa sassauta wa miya ba, yau ga shi yana ɗora wa rogo laifi.

Ta ce, "To ka nemo wanda zai iya ɗauka mana. Ba kai ne dakta ba?"

Aka yi yarjejeniya. Kafin ka samo wani garin, za ta bar kofi, ta riƙa tofa addu'ar a jikin majinyacin kai tsaye. Ba wanda ya nemi ra'ayina. Kusan mako biyu ana tofa mini a goshi safe da rana da yamma, ku biyun kuma kun shirya kuna hira a kicin. Tarin dai ya tsaya.

Sitaci ba zai yi ba har abada, don ko yawuna ni kaina yana tsinka shi in na jinkirta sha. Ka ce sai garin porang, doyar nan mai ƙaiƙayi, wanda yawu ba ya iya yanka zarensa, amma sai tatacce, ba na kasuwa ba. Da shekarunka saba'in da ɗoriya ka hau bas zuwa Madiun, inda Pambudi, wanda ya shanye maka awo, ya zama mai masana'antar tace shi. An ce ya sumbaci hannunka, ya cika maka jaka, ya ƙi karɓar ko sisi. An ce kuma ka tambaye shi ko ya rama azumin nan.

Porang ba rogo ba ne. Kofin farko da aka haɗa da ƙiyasi, don Bu Warsini ta matsa a gwada, cokali ya tsaya cak a tsakiyarsa. Na ce, da rabin harshena, wannan ba na sha ba ne, a kai wa masu ginin masallaci. Ka ce ai ka faɗa, a wannan garin tsakanin ruwa da tubali ɗan kan cokali ne. Ka shimfiɗa gilasanka a teburin barandarmu, ka sa mafi faɗin bututunka, ka jera kofuna daga tsararo zuwa mai kauri. Babban yatsanka ya fara rawa a shekarun nan, don haka ka miƙa wa Bu Warsini agogon. Matar da take rufe tukunya in ta ji muryarka, ga ta zaune kusa da kai, tabarau a kan hanci, tana jiran ruwa ya kai zane.

"Kin yi saurin dannawa, Bu."

"Ruwan ne ya yi sauri."

"Sake."

"Kai ka sake, ni ina da shinkafa a wuta."

Amma ta sake. Maƙwabta suna wucewa zuwa masallaci suna leƙowa, wasu suna tambaya ko sabon magani muke haɗawa, ko za a samu na ciwon gwiwa. Da kuka kai kofin da lokacinsa ya yi daidai da na ma'aikaciyar asibiti, ka tura shi gabanta ka ce, "Yanzu tofa, Bu. Da niyya, kar ki rage." Ta karanta, ta tofa, ta rufe da faranti, kuka jira har aka kira la'asar. Kuka sake aunawa, agogo ya ba da abin da ya bayar da farko. Ban taɓa ganin ka da murna irin ta ranar ba, har ka ce mata hannunta ya fi na rabin ɗaliban da ka yaye. Ta ce ba ta son daɗin baki, amma da magariba ta aika muku da kwanon miya.

Ka kai wa ma'aikaciyar ta duba, ta gwada ni, ta amince. Ranar ganin likita ka bi mu har cikin ofishinsa, ko da yake an ce iyali kawai. Na ɗaga kofin a gabansa na sha har ƙasa. Ya saurari ƙirjina, ya ce a tafi gida. Bututun da aka riga aka fito da shi a leda, aka mayar da shi cikin aljihun tebur. A hanyar dawowa na so in yi maka godiya, sai ka fara bayanin abin da ya sa kofi na biyu ya kauce wa layi a zanen awon da ka yi a takarda, ba ka gama ba har muka iso gida.

Na karanta wa Bu Warsini wannan rubutu kafin in aika, ina fargabar wurin tofin. Ta ce, "Pak, kai ma ka ɗauka ban yi makaranta ba? Tun da ya cire hula na gane. Na bar shi ne ya yi ƙaryarsa, don ban taɓa ganin ya yi ba, kuma bai iya ba." Ta ce ta shiga banɗaki ta yi kuka a ranar, ta wanke fuska ta fito ta ɗora maka shayi. Ta ce in rubuta cewa ta yafe maka maganar miyar Sallah.

Shekara uku muka yi a haka. Garin porang ba ya zuwa iri ɗaya, kowace jaka da ƙarfinta, don haka duk lokacin da sabuwa ta iso daga Madiun sai ka tsallako da kwalinka a sake awo daga farko. Ka hana a yi ƙiyasi ko sau ɗaya. Ranar da ka rasu, abin da ya rage a jakarmu bai fi na 'yan kwanaki ba. Ina zaune a zaman makokinka ina karanta maka addu'a da zuciya ɗaya, amma ba zan ɓoye ba, wani ɓangare na zuciyar yana can yana leƙen gindin jakar. Na yi kukan rashinka, na yi kukan maƙogwarona, ban iya raba su ba.

Bayan addu'ar bakwai sabuwar jaka ta iso. Da hantsi Bu Retno ta shigo da kwalin gilasanka a rungume, ta ajiye a barandarmu, ta ce ita in ta gan su sai ta ji kamar za ka shigo ka ce an taɓa maka kaya. Bu Warsini ta goge tebur, ta sa tabarau, ta jera kofuna. Ta fara da ruwa zalla. Tana aiki tana mita, tana ba ka amsa kan abubuwan da ba ka ce ba. Sau biyu ta zubar ta sake, don ba ta yarda da dannawarta ba. Ni ina zaune ba na iya taimakawa da komai, sai kallo da addu'a. Sai bayan azahar ta ware kofi ɗaya, ta karanta, ta tofa, ta miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu.

Na kurɓa. Na jira tarin, bai zo ba. Na sake kurɓa, na shanye.

Ta buga tebur ta ce, "To! Tashi ka leƙa katanga ka gaya wa abokin naka, ya zo ya ga wadda ke saurin dannawa."

Sai ta ji abin da ta faɗa. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu, muka zauna mu uku da Bu Retno. To ga shi na gaya maka, Mas. Ruwan ya wuce.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta iyalina ga Bu Retnowati, wadda ta yi haƙuri da kai fiye da yadda aka wajabta wa kowace mace, da 'ya'yanka Danang da Larasati da jikokinka, da ɗalibanka a duk inda suke. Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya sa albarka a abin da ya bari.

Ya Allah, ga bawanka Harjito ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka yafe masa gaskiyar da ya faɗa ba a tambaye shi ba, ka ba shi ladan ƙarya ɗaya da ya yi don kada zuciyar wata ta karye. Ya shayar da mai ƙishirwa, ka shayar da shi daga tafkin Alkausara, shan da babu ƙishirwa bayansa. Kai kuma Mas Jito, don girman Allah, idan aka miƙo maka, kar ka karkata kofin. Ka sha kawai.

Amin.